SANA'AR GINA SHAFUKAN INTANET DA NEMAN AIKI MAI AMFANIN JAMA'A

(Wannan ita ce laccar da aka gabatar a gaban ɗalibai da tsofaffin ɗalibai a zauren taro na jami'a. Mun buga ta ɗungum saboda roƙon waɗanda ba su sami halarta ba. Edita.)



Muna miƙa godiyarmu ga shugabannin ƙungiya da suka ga dacewar a zauna a tattauna wannan al'amari. Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa ya shafi wani rukuni na matasa da ke ta ƙaruwa a jami'o'inmu, watau waɗanda suka koyi sana'ar gina shafukan intanet, suka iya ta tun daga tushe har rufi, sa'an nan suka ce su fa bayan albashi suna neman wurin da guminsu zai amfani jama'a. Galibinsu idonsu yana kan sababbin ƙananan kamfanonin fasaha, waɗanda za mu riƙa kira jariran kamfanoni a cikin wannan lacca. Wannan buri abin yabo ne ƙwarai. Amma fa kyakkyawar niyya ta sha kai mai ita ta baro, in bai san hanya ba. Saboda haka za mu duba irin wannan magini, mu duba irin gidan da yake son shiga, kana mu nemi ma'aunin da zai rarrabe masa tsaba da tsakuwa.

WANE NE ƊAN KOMAI-DA-RUWANKA?

Shafin intanet kamar gida yake. Akwai zaure, watau abin da baƙo yake gani a fuskar wayarsa ko ta kwamfutarsa: rubutu da hotuna da maɓallan da yake latsawa. Da HTML da CSS da JavaScript ake gina wannan sashe. Akwai cikin gida, inda ake yin ainihin aikin da baƙo ba ya gani, a duba ko kalmar sirrinsa daidai ce, a lissafa kuɗin da ake bin sa, a aika masa da saƙo. A nan ne ake aiki da harsuna irin su PHP da Python. Akwai kuma rumbu, inda ake adana sunaye da lambobi da tarihin ciniki, kamar su MySQL da PostgreSQL. Daga ƙarshe akwai filin da gidan ya zauna a kai, watau manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafin dare da rana, waɗanda tilas wani ya kula da su, ya tsare su daga ɓarayi.

A manyan kamfanoni kowane sashe da gwaninsa, har mutum yakan shekara goma yana gyaran zaure bai taɓa leƙa rumbu ba. Ɗan komai-da-ruwanka kuwa shi ne maginin da za a nuna wa fili a ce ana son gida, ya haƙa tushe, ya ta da bango, ya yi rufi, ya kafa ƙofa, in ruwa ya zuba cikin dare kuma shi za a tasa.

Wasu sukan yi wa irin wannan magini kallon raini, su ce ya san komai amma bai ƙware a komai ba. Ya kamata masu wannan magana su tuna cewa wanda ya ƙago wannan sana'a shi kansa haka ya yi aiki. A 1989 Tim Berners-Lee, Baturen Ingila, ya rubuta shawarar kafa tsarin shafukan a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Jeneba. Kafin ƙarshen 1990 ya tsara harshen rubuta shafin, ya tsara ƙa'idar aika shi, ya rubuta manhajar da ke ajiye shi da wadda ke karanta shi. A ranar 30 ga Afrilu 1993 kuma cibiyar ta saki wannan fasaha kyauta ga duniya baki ɗaya. Ashe ke nan sana'ar da wasunku ke koyo ta fara ne da ɗan komai-da-ruwanka, kuma ta yaɗu ne saboda an fifita amfanin jama'a a kan riba.

Duk da haka akwai ƙamshin gaskiya a maganar masu raini. Wanda ya ɗan lasa nan ya ɗan lasa can, bai taɓa kai aiki ɗaya ƙarshe ba, ba shi muke nufi ba. Wanda muke nufi shi ne wanda ya nutsa sosai a fanni ɗaya, ya kuma san sauran gwargwadon abin da zai iya miƙa wa mutane cikakken aiki mai tafiya.

GIDAN DA YAKE SON SHIGA

Jaririn kamfani ya bambanta da shagon da mutum yake buɗewa domin ya ci abinci. Mai shago ya san hajarsa, ya san masu sayenta. Jaririn kamfani kuwa yana lalube ne, yana neman wata hanyar kasuwanci da ba a riga an tabbatar da ita ba, wadda in ta kama za ta bunƙasa cikin gaggawa. Dokar jariran kamfanoni ta Nijeriya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Oktoba 2022, ta taƙaita wannan suna ga kamfanin fasahar da bai wuce shekara 10 da kafuwa ba, kuma ta ɗora wa hukumar NITDA alhakin ba da shaidar hakan.

Irin wannan kamfani ba shi da kuɗin ɗaukar gwanaye biyar, saboda haka yake neman mutum ɗaya mai aikin biyar. Kada kuwa a raina abin da 'yan mutane kaɗan za su iya. Lokacin da Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kuɗi kimanin dala biliyan 19, ma'aikatan WhatsApp 55 ne kacal, alhali masu amfani da shi sun kai miliyan 450. A nan gida, Shola Akinlade da Ezra Olubi sun kafa Paystack a Legas a 2015 domin sauƙaƙa biyan kuɗi ta intanet, kuma a watan Oktoba 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan fiye da dala miliyan 200.

Abin da ba a cika faɗa wa matasa ba shi ne inda kuɗin tafiyar da waɗannan kamfanoni yake fitowa. Mafi yawa daga masu zuba jarin kasada yake zuwa. Su kuwa waɗannan amanar kuɗin wasu ce a hannunsu, kuma bisa al'ada cikin kimanin shekara 10 ake so su mayar da shi da riba. Sun san yawancin kamfanonin da suka zuba wa kuɗi za su mutu, don haka suke bukatar ɗaya ko biyu su ninka jarin sau da yawa, su rufe asarar sauran. Wannan lissafi shi ne yake matsa wa kamfani lamba ya girma ko ta halin ƙaƙa. Idan manufar taimakon jama'a ta yi daidai da hanyar girma, sai a tafi tare lami lafiya. Idan suka saɓa, to a ranar ce akan gane wadda ta fi ƙarfi, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Akwai kuma wani abu da ya shafi ɗan komai-da-ruwanka shi kansa. Darajarsa ta fi yawa ne sa'ad da kamfani yake da mutum biyar ko goma. Da zarar an kai ɗari, sai a fara ɗauko gwanaye, kowa ya karɓe sashensa. Daga nan zaɓi uku ne ya rage masa: ya zama shugaban magina, ko ya zaɓi fanni ɗaya ya zauna a kai, ko kuwa ya tattara ya koma wani jaririn. Gara ya san wannan tun ranar shiga, don kada ya ɗauka an ci amanarsa ranar da abin ya zo.

INDA SANA'AR TA YI RANA

Domin kada a ce muna sanyaya gwiwar matasa, bari mu kawo misalan wuraren da wannan sana'a ta amfani bayin Allah a zahiri.

Bayan zaɓen ƙasar Kenya na watan Disamba 2007 rikici ya ɓarke, aka kashe mutum fiye da 1,000. Cikin 'yan kwanaki a farkon 2008, Ory Okolloh da Erik Hersman da Juliana Rotich da David Kobia suka haɗa wani shafi wanda kowa zai iya aika wa da saƙon waya ya faɗi abin da ya gani da inda ya gan shi, a sa alama a kan taswira. Suka raɗa masa suna Ushahidi, kalmar Suwahili mai tushe ɗaya da kalmarmu ta shaida. Da girgizar ƙasa ta auka wa Haiti a watan Janairu 2010, da wannan manhaja aka yi amfani wajen gano inda mutane ke neman ɗauki.

A 2011 Oluseun Onigbinde da Joseph Agunbiade suka kafa BudgIT a Legas. Aikinsu shi ne su ɗauko kasafin kuɗin gwamnati, wanda ke cikin dubban shafuka da talaka ba zai taɓa karantawa ba, su mayar da shi zane da jadawali mai sauƙin fahimta. A 2014 suka ƙara da Tracka, wadda ke bin sawun ayyukan mazaɓu, ta yadda mutanen gari za su san an ware kuɗin rijiya ko na aji da sunansu, su tambayi inda aikin yake.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na yaƙi da shan-inna. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda Evelyn Castle da Adam Thompson suka kafa a 2009, da babban ofishinta a Kano, tana cikin waɗanda suka tafiyar da cibiyoyin ɗaukin gaggawa na wannan yaƙi. Matsalar da ake fama da ita a lokacin ita ce, taswirar hannu da masu ɗigon rigakafi ke bi ba ta nuna dukkan ƙauyuka da rugage, kuma babu hanyar tabbatar da cewa ayari ya je inda ya ce ya je. Sai aka zana sababbin taswirori daga hotunan tauraron ɗan-Adam, aka ba ayarin wayoyi masu nuna sawun inda aka taka, aka riƙa ɗora sawun a kan taswira. Duk unguwar da aka tsallake sai ta fito fili, a koma mata. A 2016 aka ga na ƙarshen masu kamuwa da asalin ƙwayar cutar a Jihar Barno, kuma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka ba da sanarwar cewa Afirka ta rabu da ita. Ko da yake har yanzu ana ci gaba da rigakafi saboda wani nau'in ƙwayar, wannan nasara ce babba.

Mu lura da abu guda a nan. Waɗanda suka ci wannan yaƙi su ne matan da suka bi gida-gida cikin rana, da sarakuna da malaman da suka wayar da kan iyaye. Maginin manhaja ya riƙe musu fitila ne kurum. Duk wanda zai shiga aikin taimakon jama'a da kwamfutarsa, ya shiga da wannan tawali'u.

INDA KURA TA SA FATAR AKUYA

Jama'a, kalmar manufa ta yi araha a wannan zamani. Da wuya ka buɗe tallar neman ma'aikata ta wani jaririn kamfani ba ka ga an ce za a canja duniya ba. Dalili kuwa a fili yake: wanda ya yarda yana aikin ceton al'umma yakan karɓi ƙaramin albashi, ya kwana a ofis, bai yi ƙorafi ba.

Kamfanin Theranos na Amurka ya yi shelar cewa zai yi gwaje-gwajen asibiti masu yawa da ɗigon jini daga ɗan yatsa, don talaka ya sami gwaji cikin rahusa. A 2014 an ƙiyasta darajarsa a kan dala biliyan 9. Ashe na'urar ba ta yin abin da aka ce tana yi. A watan Janairu 2022 kotu ta sami shugabar kamfanin, Elizabeth Holmes, da laifin damfarar masu zuba jari, daga baya aka yanke mata ɗaurin fiye da shekara 11. Ɗaruruwan ma'aikata masu ilmi da kyakkyawar niyya sun ba da shekarunsu a wannan gida. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa ya kan haɗiye ƙuruciyar mutane da yawa.

Ba sai mun tafi Amurka ba. Dukkanmu mun san manhajojin ba da rance ta waya da suka cika ƙasar nan, masu cewa sun zo ne su kai kuɗi ga wanda banki ya manta da shi. Wasu daga cikinsu, da zarar mutum ya sa manhajar a wayarsa, sai ta kwashe lambobin duk mutanen da ya sani. In ya yi jinkirin biya, sai a aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙo ana kiransa ɓarawo. Abin ya yi muni har hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris 2022, kuma daga ƙarshen Mayu 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan da ke cikin wayar mutane. To, 'yan'uwa, umarnin da ke kwashe lambobin nan ba aljani ne ya rubuta shi ba. Wani magini ne, mai ilmi irin naku, aka ce ya rubuta, ya kuwa rubuta. Yau akwai dokar kare bayanan jama'a wadda aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, amma tun kafin doka akwai tsoron Allah da sanin ya kamata.

Akwai kuma kamfanonin da babu wanda ya ce manufarsu ta ƙarya ce, amma kasuwa ta juya musu baya. An kafa Andela a Legas a 2014 domin a horar da matasan Afirka a sama musu aiki da kamfanonin waje. A watan Satumba 2019 ta sallami ƙananan magina kimanin 400 a Nijeriya da Kenya da Yuganda, domin masu ba ta aiki sun fi son ƙwararru. Kamfanin 54gene, wanda aka kafa a 2019 don binciken ƙwayoyin halittar mutanen Afirka, ya tara jari kimanin dala miliyan 45, amma a 2023 ya rufe. Ƙungiyoyin agaji ma ba su tsira ba, domin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a watan Janairu 2025, ta kuma rushe hukumar USAID a cikin wannan shekara, ayyuka da yawa na lafiya da ilmi a Afirka sun tsaya cik, ma'aikatansu suka koma gida.

MA'AUNIN DA ZA A RIƘE

Tun da haka al'amarin yake, ga tambayoyin da muke ganin ya wajaba magini ya yi kafin ya sa hannu a takardar kama aiki. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ta farko: wane ne yake biyan kuɗin, kuma wane ne ake cewa ana taimako? In manomi ne yake biya, kuma ribar kamfani tana ƙaruwa ne idan amfanin gonarsa ya ƙaru, to manufa da riba suna kan hanya ɗaya. Haka tsarin Babban Gona yake, wanda Kola Masha ya kafa a Jihar Kaduna a 2012, inda ake ba ƙananan manoman masara iri da taki bashi tare da horo, su biya bayan girbi. In kuwa ribar kamfani tana ƙaruwa ne sa'ad da mai cin bashi ya kasa biya tara ta hau kansa, to ko me aka rubuta a bangon ofis, magini ya san abin da ake gina shi a kai.

Ta biyu: da me suke auna nasara? Kamfanin da ke faɗin yawan waɗanda suka sauke manhajarsa kaɗai bai gaya maka komai ba. Tambayi nawa ne suka dawo bayan wata shida, kuma me ya canja a rayuwarsu.

Ta uku: yaushe rabon shugabannin kamfanin da su zauna da mutanen da suke yi wa aiki? Wanda yake gina wa matar ƙauye manhaja daga ofis mai sanyi, bai taɓa ganin irin wayarta ba, zai gina abin da ke bukatar babbar waya da intanet mai ƙarfi, alhali ita 'yar ƙaramar waya gare ta, wadda sai da lambobin USSD ko saƙon murya za a iya isa gare ta.

Ta huɗu: kuɗin da ke asusu zai kai wata nawa? Wannan ba rashin kunya ba ne. Shugaba mai gaskiya zai amsa, wanda ya fusata kuwa ya riga ya ba ka amsa.

Ta biyar ta shafi hannun jarin da ake yi wa ma'aikaci alkawari a madadin cikakken albashi. Bisa al'adar waɗannan kamfanoni, cikin shekara 4 ake mallaka wa mutum rabonsa kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya tafi kafin cikar shekara ɗaya ba ya samun komai. Ko ya mallaka ma, takarda ce kawai har ranar da aka sayar da kamfanin ko ya shiga kasuwar hannun jari, ranar da yawancinsu ba sa gani. Don haka a nemi alkawarin a rubuce, a kai wa lauya ya duba, kuma kada a yi lissafin kuɗin haya da shi.

Ta ƙarshe: me ke faruwa da ma'aikacin da ya ce a'a? Nemi wanda ya taɓa aiki a wurin ya bari, ka ji ta bakinsa.

BATUN CIKI

Ba za mu tsaya a nan mu ce wa ɗan talaka, wanda iyayensa suka sayar da akuya suka biya masa kuɗin makaranta, ya manta da albashi ba. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni 2023, dalar da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,000 a farkon 2024, kuma wanda ke yi wa kamfanin waje aiki daga ɗakinsa yana iya samun ninkin abin da jaririn kamfanin gida zai biya shi. Wanda ya zaɓi wannan hanya don ya riƙe iyayensa da ƙannensa bai yi abin kunya ba, domin ciyar da iyali shi kansa aiki ne mai ma'ana. Abin da muke roƙonsa shi ne ya ware wa jama'arsa wani kaso na iliminsa, ko da koyar da yara biyu ne a unguwa. Wanda kuma ya zaɓi ƙaramin albashi saboda manufa, ya yanke wa kansa wa'adi da iyaka, ya san adadin da ba zai sauka ƙasa da shi ba. Gajiyayyen magini mai bashi a wuya ba ya daɗewa yana taimakon kowa.

GA 'YAN'UWA MA'AIKATAN GWAMNATI

Muna ganin fuskokin waɗanda suka riga suka kama aiki a ma'aikatu, wataƙila suna jin cewa wannan zance na wasu ne. Ko kusa. Babu jaririn kamfanin da yake taɓa rayuwar mutane da yawa kamar ofishin fansho, ko na filaye, ko na rajistar asibiti. Tun daga 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB gaba ɗaya, watau makomar yara fiye da miliyan ɗaya kowace shekara tana rataye ne a kan ingancin aikin wasu magina. A wannan shekarar ce kuma aka tilasta wa ma'aikatun tarayya zuba kuɗaɗensu a asusun bai-ɗaya, ta hanyar manhajar Remita wadda kamfanin gida ya gina. A Amurka ma, da shafin inshorar lafiya na gwamnati ya durƙushe ranar buɗe shi a watan Oktoba 2013, wani ɗan ƙaramin ayarin magina ne aka kira suka tashe shi. Ma'aikacin da ya mayar da layin kwana uku ya zama aikin minti goma ya yi wa talakawa hidimar da za su daɗe suna sa masa albarka, ko da jarida ba ta buga sunansa ba.

ABIN DA NA'URA BA TA KARƁE BA

Tun da aka fito da ChatGPT a watan Nuwamba 2022, manhajojin basirar na'ura sun iya rubuta umarnin kwamfuta cikin daƙiƙoƙi, har wasu ɗalibai suna tambaya ko sana'ar tana da sauran amfani. A ganinmu, abin da ya yi araha shi ne jera bulo. Sanin irin gidan da ya dace da masu shigarsa, da duba ko ginin zai tsaya, da ɗaukar alhaki in ya rushe, waɗannan suna nan a wuyan mutum, kuma su ne ainihin jarin ɗan komai-da-ruwanka tun asali.

A nan ne ku kuke da abin da maginin Turai ba shi da shi. Kun san cewa akwai fom ɗin intanet da ke ƙin karɓar sunan Sa'adatu ko Mu'azu saboda alamar da ke tsakiyar sunan. Kun san bambancin ƙasa da kasa, da ɗaki da daki, kun kuma san yadda rumbun bayanan da ba a saita shi daidai ba yake mayar da haruffanmu masu lanƙwasa alamar tambaya. Kun san cewa miliyoyin mutanenmu sun fi sakewa da sauraro a kan karatu, wasu kuma ajami suka iya. Waɗannan matsaloli babu wanda zai taso daga wata ƙasa ya warware mana su. Wanda yake neman inda zai fara, ga Wikipedia ta Hausa tana neman marubuta, ga shirin Common Voice na Mozilla yana tara muryoyin masu jin Hausa. Irin wannan aikin sa-kai yana koya wa mutum sana'a, yana kuma zame masa shaidar da zai nuna ranar neman aiki.

KAMMALAWA

Shugaban taro, jama'a, mun ga cewa maginin da ya iya aiki daga zaure har rumbu yana da wurin zama a jariran kamfanoni, musamman a farkon tafiyarsu. Mun ga wuraren da sana'arsa ta taimaka wajen ceton rai da tsare dukiyar jama'a, mun kuma ga inda aka yi amfani da ita aka ci mutuncin bayin Allah. Shawararmu ga ɗalibai ita ce, kafin ku bar wannan jami'a kowa ya nemi matsala guda ta gaske, ko ta ɗakin shan magani na unguwarsu, ko ta ƙungiyar 'yan kasuwa, ko ta makarantar da ya fito, ya zauna da masu ita ya saurare su, ya gina musu abin da za su yi aiki da shi, ya kuma ci gaba da kula da shi har shekara guda. Wanda ya yi haka zai shiga ɗakin ganawa da masu kamfani yana da abin nunawa, kuma zai san irin tambayoyin da zai yi musu.

Muna roƙon Allah ya albarkaci iliminmu, ya sa ya amfane mu ya amfani ƙasarmu, ya kuma tsare hannuwanmu daga gina abin da zai cuci wani.